Rami Na Takwas

A kamfaninmu akwai doka ɗaya da ba a yi mata kwana: duk wanda ya zare wayar da ba ita aka ce ya zare ba, a ranar za a karɓe katinsa na shiga ɗakin na'urori. Ba korarsa za a yi ba. Sito za a mayar da shi, ya riƙa yanka kwalaye yana jera kaya a kan kanta. Mu da muka san ɗakin mun san gara kora.

Kawu ne mai haɗa wayoyinmu, shekara ashirin da biyu katinsa na rataye a wuyansa. Duk ofis Kawu muke ce masa, amma mutum ɗaya ce ke da gaskiyar kiran, wato Injiniya, 'yar ƙanwarsa. Shi kuwa Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ko a gaban baƙi ba ya fasawa, ita kuma ta gaji da harara ta haƙura.

Ni ke kula da ma'ajiyar bayanai, akwatunan da ke riƙe da fayilolin abokan hulɗarmu. A da ma'ajiyar tana da wayoyinta na musamman, masu shegen zaɓe, ba sa shiga ko'ina sai gidansu. Injiniya ta ce a mayar da ita kan Itanet, irin wayar da sauran kwamfutocin ke magana da ita. Aka kawo sababbin suwic, akwatuna masu ramuka talatin da biyu a gaba, kowace waya da raminta, su ke raba wa bayanai hanya. Ta ɗora musu buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya gyara.

Manaja bai so ba. "Abin da ba shi da uba," in ji shi, "in ya yi ɓarna wa za mu kama?" Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin ranar da manhajar ta jawo matsala ko guda, a kwashe ta a koma gidan jiya. Wata tara Injiniya ta yi tana kiwon aikin nan kamar ƙwai a cokali.

Manhajar tana da wani hali. A jikin ƙarfen suwic an buga lambobin ramuka daga ɗaya, biyu, uku, yadda kowane mai hankali ke ƙirga. Ita kuwa daga sifili take farawa, tana tsallake hurhuɗu, don kowane rami layi huɗu ne a cikinsa. Rami na farko sifili, na biyu huɗu, na uku takwas. Injiniya ta san da haka, shi ya sa ba ta taɓa gaya wa Kawu lamba da baki ba. Takarda take ba shi, da zanen gaban suwic, ta zagaye ramin da jan biro.

Ranar Talata da hantsi aka yi gwajin miƙa aiki. Kowane akwatin ajiya wayoyi biyu gare shi, in ɗaya ta mutu ɗayar ta ɗauki kayan. Ana tabbatar da haka ne ta hanyar zare guda da gangan, kowa na kallo. Kawu ya shiga ɗakin da rigar sanyinsa. Ni da Injiniya muka zauna a ofis gaban allo, Manaja ya tsaya a kan Injiniya yana kaɗa makulli. Takardar tana jakarta, ta manta ba ta ba Kawu ba.

Kawu ya kira ta a wayar hannu. "Uwata, ina gabansa. Wanne?"

Idonta na kan allo. "Takwas, Kawu."

Kujerata na manne da tata, na ji da kunnena. Kawu ya sa yatsa ya ƙirga har takwas a jikin ƙarfe, ya zare. Wayar da ke nan ta wani akwati ce da aka ƙauro da shi jiya-jiya, ba a haɗa masa ta biyun ba tukuna. Allona ya yi ja. Daƙiƙa arba'in da ɗaya fayilolin kamfanoni shida suka sandare, kafin Injiniya ta yi ihu ya mayar. Wayar hannun Manaja ta fara kuka, ba ta huta ba har azahar.

Kafin a shiga taro na je shan ruwa, na tarar da Injiniya da Kawu a lungun da ake ajiye tsani. Ban ɓuya ba, su ma ba su damu da ni ba.

"Ni na faɗi lambar manhaja," in ji ta. "Zan gaya wa Manaja."

"Ki gaya masa me? Wai manhajar ba ta iya ƙirga ba? Ai tun safe abin da yake jira ke nan. Kafin Juma'a suwic ɗinki na cikin kwali."

"Kawu, katinka fa."

"Hannun wa ya zare?"

"Bakin wa ya faɗa?"

"Kin ga, Uwata, ba musu na zo yi ba. Ni na ci rabona a ɗakin nan, har gwiwoyina sun fara ƙorafin sanyi. Ke ko yanzu kika fara. Ki kama bakinki, umarni ne."

A taro Manaja ya tambayi abin da ya faru. Kawu ya ce an gaya masa rami, ya yi gaggawa, ya zare na kusa. Manaja ya juya ga Injiniya.

"Manhajar ba ta da hannu a ciki?"

Ta ce, "Manhajar ta yi abin da aka gina ta ta yi, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma gaskiya ta faɗa ba. Ni ma aka tambaye ni, na ce idona na kan allo. Na ji kunyar kaina, har yau ina ji, amma ban ƙara ko kalma ba. Kawu ya cire katin daga wuyansa, ya naɗe igiyar a hankali, ya ajiye a gaban Manaja. Da la'asar aka sake gwajin, wani ya zare wayar ramin da ya dace, ma'ajiyar ko gezau. Manaja ya sa hannu a takardar karɓar aikin, har da cewa dama shi ya san abin zai yi.

Laraba wayar da ake jira ta iso, ta biyun akwatin nan. Kawu ya ɗauko kwalin daga sito ya biyo Injiniya, suna tafe yana mata faɗan kada a lanƙwasa ta da yawa, gilashi ne a cikinta, ba igiyar shanya ba ce. Ina bayansu. Ta kara katinta a ƙofa, ƙofar ta buɗe, sanyi da ƙugin fankoki suka fito. Ta shige tana amsa masa, har ta yi taku uku kafin ta lura maganar ta tsaya.

Ta waiwayo. Yana bakin ƙofa, ya miƙo kwalin da hannu biyu.

"Karɓi, Uwata," ya ce. "Nan ne iyakata."