Kwaɓin da Nagoda Ya Taka

Tun da zazzaɓin taifot ya saki Maijidda, ta daina shiri da abinci. A kawo kunu ta kawar da kai, a kawo tuwo ta juya wa bango fuska. Mahaifinta Malam Nagoda, mai gyaran keke-napep a Tudun Wada, kullum ya dawo sai ya kama tsintsiyar hannunta, ya ji ta ƙara sirancewa.

Ran Asabar ta miƙo masa wayar uwarta. A bidiyo, wata mata ce 'yar Japan take yin taliya mai kauri, fara tas, cikin romo.

"Baba, wannan zan ci."

Fulawa ce da gishiri da ruwa kawai. Amma da kwaɓin ya yi tauri, sai matar ta sa shi a leda, ta ajiye a ƙasa, ta hau tana takawa.

"A'uzubillahi!" in ji matarsa Ishatu. "Abinci da ƙafa? Ba a gidan nan ba."

Shi ma bai so ba. Da hannu ya murza har kafaɗunsa suka yi tsami, amma da aka dafa sai taliyar ta kakkarye ta dame. Maijidda ta ɗanɗana, ta ture kwanon.

Washegari, da Ishatu ta tafi kemis, ya sake kwaɓi. Ya wanke ƙafafunsa da sabulu har suka yi fari, ya ninka leda ya sa kwaɓin a ciki, ya rufa da sabon zane, ya yi bisimilla a hankali, ya hau. Kwaɓin ya baje a ƙarƙashin dugadugansa. Ya sauka ya naɗe, ya sake hawa.

"Salamu alaikum. Ina amaryar tawa?"

Modibbo ne, surukinsa, malamin da rabin unguwa suka yi karatu a gabansa, ya taso daga Gyallesu duba jikarsa. Nagoda ya rasa ko ya sauka ya durƙusa ko ya tsaya ya rufe abin. Ya sauka. Gefen zanen ya yaye.

"Mene ne wannan, Nagoda?"

"Kwaɓi ne, Baba."

"Na gini?"

"Na fulawa."

Modibbo ya dubi ledar, ya dubi ƙafafun, ya wuce ɗakin yarinyar. Da zagi ya yi, da ya fi wa Nagoda sauƙi.

Nagoda ya tsaya yana tunanin zubar da kwaɓin. Sai ya jiyo tarin Maijidda. Ya bar kwaɓin ya huta, sannan ya barbaɗa fulawa a faranti, ya baje shi da kwalba, ya ninke, ya yayyanka da wuƙa. Wannan karon taliyar ba ta tsinke a tukunya ba. Ya ɗauraye ta da ruwan sanyi, ya zuba mata romon kaza da citta da ganyen albasa, ya shiga ɗakin kansa a sunkuye.

Maijidda ta ja sili ɗaya, ta tauna.

"Baba, ka taka ko? Irin na matar ne sak!"

"Na taka," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta ci gaba da ci, romo na bin haɓarta. Modibbo yana jan carbi yana kallonta.

"Kaka, ɗanɗana mana. Ko tsoro kake ji?"

"Ci abinki, amarya. Ni na ƙoshi."

Ta kusa cinye rabin kwanon kafin ta jingina da filo tana haki.

"Gobe ma za ka yi mini, Baba?"

Nagoda ya ji idon surukinsa a kan ƙeyarsa. Bai ɗago ba.

"Zan yi," ya ce.