Kwalar Direba

Da a ce jini ya zuba, ko da ɗigo ne, da direban motar raba kaya bai sha wahalar da ya sha ba. Yana tsaye a danja wata tifa ta daki motarsa ta baya. Kansa ya yi baya, ya dawo gaba kamar bakin bulala. Ya fito, ya duba bamba, ya ga ɗan lotsawa ce kawai, har ya yi wa mai tifar fatan sauka lafiya.

Sai da gari ya waye wuyan ya kawo ƙararsa. Ya kasa ɗaga kai daga matashi, ciwo ya taso daga ƙeya ya sauka kafaɗa, ɗakin yana juya masa. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashi lafiya lau, tsoka da jijiyoyi ne suka miƙe fiye da kima, kuma irin wannan rauni ba ya fitowa a hoton ƙashi. Ya ba shi maganin rage zafi da wata kwala mai laushi da ake ɗaurawa a wuya, ya ce ta ƴan kwanaki ce kawai.

Manajan sito bai riƙe komai daga bayanin ba sai rabin farko.

"Ƙashi lafiya, ka ce? To, alhamdu lillahi. Mota tana jiranka."

A gida ma ƙanin matarsa, wanda ya daɗe yana cin tuwon gidan ba tare da ya taɓa tambayar kuɗin hatsi ba, ya ce, "Yaya, wannan ciwon naka mai kunya ne, ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi."

Ranar da direban ya ɗaura kwalar ya fita, sai duniya ta koyi ladabi. Manaja ya miƙe ya ba shi kujera, ya ce ya zauna a ofis yana amsa waya har ya samu sauƙi. Leburori suka riƙa yi masa sannu. Ƙanin matar ma ya haɗiye barkwancinsa.

Likitar gashin ƙashi, wadda aka tura shi wurinta, ba ta yi murna da ganin kwalar ba.

"Malam, har yanzu tana wuyanka? Cire ta. Wuya da motsi yake warkewa. Ka riƙa juya shi a hankali, dama da hagu, kana gasa shi da ruwan ɗumi. Zai yi zafi, amma zafin ba ɓarna yake yi ba. In ka bar ta tana ɗaukar maka kai, tsokar za ta manta aikinta."

Ya ji, kuma ya gwada. Ya je aiki wuya a sake, yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa.

"Ashe an warke," in ji manaja. "Gobe akwai kayan nesa, kai za ka kai."

"Ranka ya daɗe, da saura. Likita ce ta ce in cire don..."

"Likita ta ce ka cire, ai magana ta ƙare."

Ya kai kayan. Kowane rami a hanya sai da ya ji shi a ƙeyarsa, ya dawo hannunsa na dama yana masa tafiyar tururuwa. Washegari ya mayar da kwalar, kuma bai sake komawa wurin likitar ba, don ya san abin da za ta faɗa.

"Baban yara," matarsa ta ce wata rana tana wanke kwalar, wadda ta riga ta yi baƙi da gumi, "matar nan fa cewa ta yi ka daina."

"Ita za ta ciyar da ku in aka kore ni? In na cire, ƙarya nake yi. In na sa, ni majinyaci ne. Zaɓar mini ɗaya."

Ta shanya kwalar a igiya.

Watanni suka shuɗe, haƙurin kamfani ya ƙare, kamar yadda ya saba ƙarewa. Manaja ya kira shi ya ce an ɗauke shi ne don tuƙi, ba don gadin waya ba: ko ya fitar da mota daga sito yau, ko a ba wani.

Direban ya kwance kwalar ya ajiye a kujerar gefe. Kansa ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Ƙofar siton ƙunci gare ta, ba a fita sai da ribas, kuma ya yi shekaru yana fita ta nan yana hira. Ya sa giya, ya nemi ya waiwaya. Wuyan ya tafi kaɗan ya tsaya cak. Ya dogara da madubi, ya saki birki a hankali.

Madubi bai nuna masa tsoho mai gadi ba, wanda ya sunkuya yana janye sarƙar ƙofa. Ihun leburori ne ya sa ya taka birki. Tsohon yana ƙasa, yana riƙe da ƙafarsa, wandonsa ya jiƙe da jini.

Manaja ya zo ta gefen taga, bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu.

"Makulli."

Sai da direban ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kafaɗa da ƙirji, kafin ya iya ganin hannun da zai saka makullin a ciki.