Kakin da Idi ya ce

Shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato Malam Isa masinja ya rasu a nan Wara, ya bar matarsa Dudu cikin takaba. Ɗaki ɗaya, ba kasuwa, ba bakin ruwa. Ga Balaraba yayar mamacin ta baje tabarma a ƙofa, ko tari Dudu ta yi sai ta leƙa.

Abin da ke ɗebe mata kewa rediyon Isa ne, wani tsoho mai akwatin katako da suka taso da shi daga tsohon gari kafin ruwan Kainji ya ci shi. Da damina ta yi nisa sai ya kama shiiii, ba magana. Ni da muke zaune gida ɗaya, Dudu ta riƙe mini zane.

"Inna, in ya yi shiru haukacewa zan yi."

Na kirawo Idi mai gyara. Balaraba ta ce atafau, namiji ba ya shiga wurin mai takaba, rediyo kuma kayan gado ne, ba ya fita sai an raba. Sai Idi ya tsaya bayan katanga yana ɗaga murya, Dudu ta kwance bayan rediyo da bakin wuƙa. Ni ina tsakar gida, kunne ɗaya nan, ɗaya can.

"Yaya Dudu, kin ga wata siririyar waya an naɗe ta kamar zare a mazari?"

"Na gani. Ta yi kore, har da gidan gizo-gizo."

"Raɓar ruwa ce. Samo gashin kaza ki share a hankali. Kada ki sa farce!"

Ta share, ta hura. Sai ga muryar mai labarai ta fito tar. Dudu ta yi dariyar farko tun rasuwa, Balaraba ta harare ta.

"Saura ki rufe wayar da kaki, kada raɓa ta dawo," in ji Idi, ya hau kekensa.

Kakin zuma yake nufi, wanda Kambari ke kawowa ranar kasuwa, a narka a ɗiga. To, Dudu Bagunga ce, Hausa a gidan miji ta ƙarasa ta, kakin da ta sani shi ne na jikin Isa. Ina can maƙwabta ina ba da labari ta buɗe akwati, ta yanko hannun rigar aikinsa, ta naɗe wayar, ta ja ƙulli irin na ɗaurin komar kamun kifi. Wayar da ba ta kai gashi kauri ba, sai ta tsinke. Tsit.

Kafin in dawo Balaraba ta tara matan unguwa, rigar a hannunta.

"Ku gani! Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ta fara yanka gado!"

Idi ya ce zai iya sake naɗi in an ba shi a shago. Balaraba ta rungumi rediyon ta kai ɗakinta, ta danna kwaɗo.

Na shiga na iske Dudu zaune, gashin kazar a cinyarta. Na soma mata labarin rigimar 'yan kifi, ba ta ko ɗago ba.

"Inna, ɗan ɗage mini labulen nan," ta ce. "Ko na ji injin jirgin ruwan Shagunu in zai wuce."

Na ɗage. Balaraba ta taso ta sake shi.