Baƙin Dutse Daga Ƙetaren Teku

Ramin da Abdulghaffar ya fara haƙawa na binne mabiyiya ne. 'Yarsa Jamilatu ta sauka da hantsi, bayan ɓari biyu, jaririn kuma ya fito a galabaice, ya ƙi kama nono. Inna Dela, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwar Waziriyya ta birnin Jidda, ta ce a tona a bakin ƙofar ɗaki. Shi kuwa maigidan, wanda ko ruwa ka ce ya sha sai ya nemi dalili, gindin katanga ya nufa.

"Kada ka tona nan, ɗan nan," in ji Dela. "Nan ake zubar da ruwan wanki."

Ya yi kunnen ƙashi. Bai yi nisa ba digarsa ta fasa wata tukunya. Matarsa Mastura ta leƙa, ta ga ƙwanson teku hudajje da wasu baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli, masu kaifi kamar aska.

Abdulghaffar ya ɗago a hankali, ya dubi Dela. "Shi ya sa kika hana ni? Ciki biyu sun zube a hannunki, ga na uku yana shirin bin su. Halas, magana ta ƙare! Ina sallame la'asar zan kira shurɗa, 'yan sanda su zo su tafi da ke."

A ƙasar nan ba tara ake cin mai sihiri ba, wuya ake sarewa. Dela kuma ba ta da mai tsaya mata. Tun tana yarinya ta ƙetaro daga Sudan a kwalekwale, ko fallen takarda ba ta taɓa mallaka ba. Tsohuwar ta koma ɗaki ta ci gaba da gasa wa jaririn cibiya.

Mastura ta ce, "Abu Jamila, ka ji tsoron Allah. Ita ta yanke wa 'yarka cibiya."

"Ke ma kina ciki ne?"

Idon Mastura na kan duwatsun. Ta san su. A gidan da take wanki da guga kusa da kasuwar Bab Makka, wani Dakta mai tonon kayan mutanen da yana jera irinsu a kan tebur, kullum sai ya gargaɗe ta kada ta share su. Ta faki idon mijinta, ta ƙulle ɗaya a bakin mayafi, ta fita cikin ranar nan mai narka kwalta.

Dakta na ganin dutsen ya miƙe har shayinsa ya zube.

"A ina kika samo wannan?"

Ta faɗa masa komai, tana haki. "Don Allah, Dakta, ka zo kai kaɗai. Ka gaya wa mijina ba asiri ba ne, shi ke nan."

"Ɗayyib, to, na ji," ya ce, amma dutsen yake kallo, ba ita ba.

Ta dawo ta tarar maƙwabta sun cika ƙofar gida, matan da Dela ta karɓi 'ya'yansu suna ja da baya in ta gifta. Aka kira la'asar. Abdulghaffar ya yi alwala, ya tafi masallaci, ya dawo ya saka takalmin fita. Mastura ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Sai ga ƙarar mota.

Motar hukuma ce. Dakta ya fito, mutum biyu masu kaki na biye da shi. Ya durƙusa a bakin ramin da farar doguwar rigarsa ta tobi, yana share ƙasa da yatsa.

"Ya ammi, baffana, wannan tukunya ta riga Jidda kanta," ya ce wa Abdulghaffar. "Dutsen nan babu shi a ƙasarmu. Daga duwatsun wuta na Habasha yake. Tun ba a san ƙarfe ba mutane ke ƙetaro teku da shi, su yi musaya da ƙwanson nan, su yi wuƙa da shi. Shekaru dubbai ke nan."

Abdulghaffar ya sunkuyar da kai, kunya ta lulluɓe shi. Daga ɗaki Jamilatu ta ɗaga murya: "Umma, ya kama! Yana sha!" Mastura ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji.

Sai ɗaya daga cikin masu kakin ya ce wurin ya shiga hannun hukuma, dole a san mazauna gidan. "Yalla, kowa ya kawo iƙamarsa, takardar izinin zama."

Kowa ya kawo. Dela ta tsaya hannu biyu a sake.

"Dakta!" Mastura ta kama bakin rigarsa. "Kai kaɗai na ce!"

Dakta ya yi magana da masu kakin, ya sake yi, suka girgiza kai. Aka naɗe duwatsun a auduga, aka ajiye su a kujerar gaba. Dela aka sa a baya. Abdulghaffar ya bi motar yana kiran "Inna! Inna!", sunan da bakinsa ya ƙi faɗa tun safe.

Dela ta leƙo ta taga, ta nemi Mastura da ido. "'Yar nan, mabiyiyar tana nan a ƙwarya. Kada ta kwana a waje."

Mastura ta koma ciki tana kuka. Ta ɗauki digar da kanta, ta tona a bakin ƙofar ɗaki.