Ƙugiyar Sodangi

Ni Mairama, matar marigayi Sodangi na Kurawa, ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau yake.

A taron manoma na Sabon Birni anka raba wani ɗan littafi na kirarin manoman da. Mai sanarwa ya ɗauki lasifika, ya zo kan sunan mijina, sai na ji ya ce, "Sodangi kare..." Ya tsaya, wuri ya ɗauki dariya. Mutumin da duk Kurawa ke kira "Sodangi ƙare gona", don shi ke fara gama nomansa ya je taya maƙwabta, shi anka mai da kare gaban jikokinsa.

Ɗiyata Jamilatu, malamar firamare, ta duba littafin ta ce, "Inna, ƙugiyar kan harafin ce babu. Haka anka buga."

"Wa ya buga?"

"Abdurra'uf mai shagon kwamfuta a Isa."

Da safe na shiga motar Isa, ita tana bina tana ba ni haƙuri.

Na iske Abdurra'uf zaune gaban fanka, mutum mai furfura a gemu. Na aje littafin bisa tebur na ce, "Karanta mani nan."

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Hajiya, kuskuren na'ura ne."

"Ban je Makka ba, kar ka saye ni da Hajiya. Na'urar ita ta san Sodangi?"

Ya shiga bayani. Wai wani malami ya rubuta kirarin shekarun baya da tsohuwar manhaja, wato abin da ake sa wa kwamfuta ta tsara rubutu. Sabuwar kwamfutarsa ba ta san wagga manhaja ba, sai ta mai da haruffa masu ƙugiya wasu alamomi barkatai. Shi kuma don sauri ya bi su duka ya sa marasa ƙugiya.

"Mai karatu ai zai gane," in ji shi.

"Ya gane ƙwarai. Sabon Birni duka ta gane. Ina tsohuwar take?"

"Tana kan faifai, Inna. Kuma wagga kwamfuta ko ramin sa faifai ba ta da shi."

"To haƙa mata."

Jamilatu ta rufe baki da gyale. Ni ko na shimfiɗa zanena a ƙofar shagon na miƙe ƙafa. Duk wanda ya zo buga katin biki sai in ce masa, "Shiga, amma ka sani nan ake mai da mutum kare." Mutum biyu sunka juya.

Abdurra'uf ya fita da kansa ya aro wani ɗan akwati mai cin faifai, ya jona. Kwamfutar ta yi ƙara, ta ƙi. Ya ce ta ce abin ya tsufa.

"Ni ma na tsufa, ga ni kuma cikin shagonka. Sake."

Ya sake, ta ƙi. Ya yi ta latse-latse yana zufa, ya ce zai lallaɓe ta ta ɗauki kanta kamar irin ta da. Wani koren layi ya kama rarrafe bisa fuskar kwamfutar, ya tsaya, ya ci gaba. Da ta karɓa kuma rubutun ya fito dai da alamomin nan, sai da ya koma faifan ya kwaso haruffan su ma.

Bayan la'asar ya ce, "Inna, zo ki gani."

Ya nuna da yatsa. Ban san harafi ba, amma na ga ɗan lanƙwasa bisa kansa kamar bakin lauje.

"Karanta. Da ƙarfi, har masu shayin bakin titi su ji."

"Sodangi ƙare gona!"

"Yawwa. Ka buga sabbi, tsoffin kuma a tattaro mani su."

Ya ce na Sabon Birni za su samu, amma 'yan kasuwa sun tafi da dami guda Maraɗi.

Na naɗe zanena. Jamilatu ta ce, "Inna, don Allah ya isa haka."

Na ce, "Ke koma gida. Kai kuma fara bugawa, ina nan zaune. In ka gama ka nuna mani inda ake shiga motar Maraɗi, za ni."