Makunni Uku, Ƙwai Ɗaya

"Inna, riƙe min tsanin nan da kyau, kada ku yi jinyar mutum biyu!"

"Me ka ce?"

"Tsani! Riƙe!"

Mai Wuta na sama, filaya a baki, yana zura waya ta cikin silin. Gyaran lantarki ne sana'arsa, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Baba Tela. Tsohon na kwance yana bin sa da ido. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, harshen ma ya tafi, likita kuma ya ce a mai da shi gida, saura kwanaki. Matarsa, wadda Mai Wuta ke kira Inna, kunnenta ya yi nauyi, ko kwano aka buga ba ta ji daga kicin. Ga shi daga ita sai shi a gidan.

Da safe tsohon ya jawo hannun rigar Mai Wuta, ya rubuta da allin ɗinki a jikin gado: kada in tafi ba ta kusa.

Abin da ya hau da shi tsani ke nan. Ya sa ƙwan fitila a kicin, ya jawo makunninsa zuwa gefen gado, daidai hannun da ke motsi. Da nan ya tsaya, da shi ke nan. Amma gwani ba ya son a ce aikinsa na kowa ne. Ya dubi gwiwoyin Inna da suka kumbura, ya ƙara makunni a kicin don ta haska girkinta, ya ƙara na uku a bakin ƙofar ɗaki don ta kashe in ta iso. Waya bibbiyu ya ja tsakaninsu, sai la'asar ya gama.

"Kowanne aka taɓa, juya ta yake yi," ya ce da ƙarfi. "In a mace take ta kama, in a kunne take ta mutu."

"To, to. In ta kama in zo."

Tsohon ya danna. Inna ta taho tana ɗingishi. Ya sake dannawa ta sake zuwa.

"Kai, malam, shekara hamsin kana kirana da baki, yanzu kuma da ɗan yatsa?"

Rabin fuskarsa ya yi dariya.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, hadari ya rufe gari. Mai Wuta ya shigo duba su, ya tarar da Inna a bakin kicin tana tsintar shinkafa a ɗan hasken ƙofa.

"Inna, ya mai jiki?"

"Yana barci, bai kira ba. Wutar ma sun ɗauke. Na kunna don duhun nan, ba a jima ba ta mutu."

Yanzu Mai Wuta ya fito daga gidansa, ya bar rediyo a jone yana magana, ba a ɗauke wuta ba.

"Tun yaushe?"

"Iye?"

"Tun yaushe ta mutu, Inna!"

"An jima. Har na wanke kwanuka."

Ya watsar da jakarsa ya ruga. Garin neman gira, in ji manya, ake rasa ido. Daga gado ba a hango kicin. Tsohon ya danna, ya yi abin da aka koya masa, dannawar ta kashe fitilar da Inna ta kunna, ya kwanta yana sauraron takun da bai zo ba.

"Baba! Baba Tela, ga mu, ga ta nan tafe!"

Ya girgiza shi, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya murza tafin ƙafarsa, ya sake kira har muryarsa ta dushe. Jikin da sauran ɗumi. Fuskar na kallon ƙofa, hannun yana kan makunni.

Inna ta iso tana dafa bango, tiren shinkafar har yanzu a hannunta. Ta daɗe tana kallon mijinta.

"Ɗan nan, ya kira ni?"

Mai Wuta ya matsa kusa da kunnenta.

"Wuta suka ɗauke, Inna."

Ta ɗaga kai ta dubi fankar da ke juyawa a samansu, gefen zanin gadon na kaɗawa a iskarta. Sai ta ajiye tiren a ƙasa, ta zauna a bakin gado, ta zare yatsun mijinta daga kan makunnin, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora su a cinyarta.