Rantsuwar Burtali

Shekara goma sha huɗu Amsa tana ganin mijinta Gana yana cire albasa a fadamar Tudun Gawo, ƙauyensu da ke gefen Makoda, kuma duk ranar da aka loda buhunansa za a kai kasuwar Ɗanbatta sai ta ga maƙwabcinsu Zubair ya murtuke fuska. Gonakinsu iyaka ɗaya, ruwa ɗaya suke ja, amma albasar Zubair ba ta kai rabin ta Gana girma. Sai ya shiga yaɗa cewa asiri ne, ai Gana Babarbare ne, alhali kakan Gana ma a maƙabartar garin yake kwance.

Da Zubair ya zama shugaban ƙungiyar manoman rani, sai ya sa ido a kan burtalin da shanu ke bi su sha ruwa. Shi da 'yan kanzaginsa suka nome shi, kuma don kada makiyaya su sami shaida suka kafa doka: kowane manomi ya dafa Alƙur'ani ya rantse burtali bai taɓa ratsa fadamar ba. Wanda ya ƙi, a toshe masa ruwa. Amsa na jin labarin ta san don wa aka yi dokar, domin garin kaf an san Gana ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

Ranar taron rantsuwar, mutum ashirin da uku suka dafa, wasu kansu a sunkuye. Da aka zo kan Gana sai ya mayar da hannuwansa baya.

"Tun ina yaro nake ganin shanu suna bin hanyar nan," in ji shi. "Ba zan dafa littafin Allah in ce ban gani ba."

Kafin la'asar an toshe masa magudana. Cikin kwana tara albasar da ta fara ƙwai ta kwanta ta bushe.

Amsa ta kasa cin abinci don baƙin ciki. Wata safiya Gana ya iske ta a bayan ɗaki tana tsiyaya maganin kashe ciyawa a tankin feshi, ba ta kuwa ɓoye masa cewa gonar Zubair za ta nufa ba. Sai ya ce mata:

"Na ƙi saɓa wa Allah saboda gonata, ke kuma za ki saɓa masa saboda ta Zubair?"

Ta ajiye tankin, amma zuciyarta ba ta sauka ba. Daga ranar, duk sujadar da ta yi sai ta ambaci Zubair da sunansa da na ubansa, ta kai ƙararsa wurin Ubangiji. Gana kuwa ya koma leburanci a Ungogo, yana ɗaukar bulo har kafaɗarsa ta saɓule.

Da damina ta faɗi makiyaya suka kai ƙara kotu, aka kira Gana ya faɗi abin da ya sani. Dattawa biyu daga cikin waɗanda suka rantse suka miƙe da hawaye suka ce tilasta musu aka yi. Alƙali ya ce a buɗe burtali. Ƙungiya ta tuɓe Zubair, mutane suka daina zama kusa da shi ko a wurin ɗaurin aure.

Sai ga Ramlat matar Zubair ta zo neman afuwa, ta durƙusa a tsakar gida, ta ce Malam Gana ya riga ya yafe, saura Amsa. Amsa ta ci gaba da tankaɗen garinta har ta gama, sannan ta ɗago.

"Malam ya yafe nasa. Ni nawa yana nan, ban taɓa wa mijinki ko ganye ɗaya ba, kuma ban yafe ba. Ki ce masa mu haɗu a gaban Wanda shi mijin naki ya sa mutane suka yi wa ƙarya."

Ramlat ta jima a durƙushe, sannan ta tashi ta nemi takalmanta.